Sau nawa jakar nan ta je kasuwa?

Shekarata 11 ina ɗinki. Shagona ɗan ƙarami ne a cikin unguwa a nan Kano, keke 4 ne a ciki, biyu na wuta biyu na ƙafa, da 'yan mata 3 da ke koyon aiki a hannuna. Kayan mata ne abincina, amma shekara 4 da suka wuce sai wata ƙofa ta buɗe mini, wato jakunkunan yadi da ake rabawa a wurin taro da biki. Idan ɗinkin sallah ya ƙare kasuwa ta yi sanyi, su ne suke riƙe shagon.

Wanda ya fi faranta mini rai a cikinsu shi ne aikin wata ƙungiya da ta shirya taron kwana 2 kan tsaftar muhalli. Jaka 300 suka ce, ta akoko, a buga koren rubutu a gaba: "Mu rabu da leda." Da zuciya ɗaya na yi aikin nan. Ina taka keke ina raya wa a raina cewa kowace jaka za ta hana leda ɗari shiga kwata, ga kuɗi ga lada.

Bayan wata 5 na je barka gidan wata ƙawar gwaggona. Ta aike ni ɗakinta in ɗauko mata mayafi a durowa. Ina buɗewa sai ga jakunkuna a ninke, an jera su kamar kayan lefe. Na ƙirga, 14. Ta taro, ta biki, ta saukar Alƙur'ani, ta siyasa. Uku a cikinsu ɗinkina ne, don tela ba ya ɓatan hannunsa, har da mai koren rubutun nan, karin gugar da na yi mata ko ɓaci bai yi ba. Ina fitowa tsakar gida yarinyar gidan ta dawo daga cefane, hannu biyu cike da baƙar leda: ta tumatur daban, ta attaruhu daban, ta albasa, ta alayyahu, ta nama an ruɓanya biyu, sannan babbar da ta haɗe su duka.

Ban ce uffan ba a can. Da dare na kwashe labarin na gaya wa autanmu, wanda ke karatun ilimin muhalli a Jami'ar Bayero. Na zaci zai taya ni jin haushin matar. Sai ya ce, "Yaya, kada ranki ya ɓaci, amma ko da Hajiyar tana fita da jakar, sai ta je kasuwa da ita sau 131 kafin jakar ta biya bashin da aka ci wajen yin ta."

Raina kuwa ya ɓaci. Na ce, "Auta, auduga ce fa. Daga ƙasa ta fito, ƙasa za ta koma. Ina haɗinta da leda?" Ya ce gaskiya ne, amma tsakanin fitowa da komawar akwai tafiya mai nisa, kuma tafiyar ce ake lissafawa. Lambar ba daga kansa ya ƙaga ba. Hukumar kula da muhalli ta Ingila ce ta fitar da rahoto a 2011, inda ta gwada jakunkunan cefane a kan ma'aunin hayaƙin da ke ɗumama duniya. Idan aka ɗauki siririyar ledar kanti da aka yi amfani da ita sau ɗaya aka yar, to jakar takarda sai an yi amfani da ita sau 3 kafin ta yi daidai da ita, ledar nan mai kauri sau 4, jakar roba mai laushi mai kama da yadi, irin wadda ake rabawa a biki, sau 11, ta auduga kuma sau 131. Idan ma an sake amfani da siririyar ledar wajen zuba shara, sai lambar auduga ta ƙara sama.

Na daɗe ina juya maganar kafin in fahimci cewa aikin da suka yi ba baƙo ba ne a wurina. Duk telan da bai iya lissafin kuɗin da ya kashe ba, wata uku ba zai yi ba zai rufe shago. Kafin in yanke wa mutum farashi sai na haɗa yadi, zare, zif, shafi, fetur, gawayin guga, ladan yara, kuɗin adaidaita zuwa Kwari da dawowa. Wanda ya manta fetur ya ɗinka wa mutane kaya kyauta bai sani ba. To su ma haka suke yi, sai dai ba naira suke ƙirgawa ba. Ruwa suke ƙirgawa, da wuta, da fili, da hayaƙi, da dattin da aka sakar wa kogi, tun daga gona ko rijiyar mai har zuwa ranar da abin ya zama shara. Auta ya ce kamfanin Coca-Cola ne ya fara sa aka yi irin wannan binciken a Amurka a 1969, don ya gwada kwalba da sauran mazubai. Daga baya hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta rubuta wa aikin ƙa'ida mai lamba 14040 a 1997, ta sabunta ta a 2006.

Abu biyu ne suka zauna mini daga bayaninsa. Na farko, ba a gwada jaka da jaka, aikin da suke yi ake gwadawa: ɗaukar cefanen gida na wata guda, alal misali. Shi ya sa tambayar "sau nawa" ta fi tambayar "da me aka yi ta" nauyi. Na biyu, mai lissafin dole ya faɗi inda ya ja iyaka, me ya sa a ciki, me ya bari a waje. Wannan na biyun zan dawo kansa, don a nan ne ni da rahotannin muka rabu.

Sai na ce bari in bi jakata baya, in ga inda ta ci bashin.

Akokon a Kantin Kwari na saye shi, bandir-bandir, kuma dilan bai ɓoye mini ba, daga Sin aka shigo da shi. Ke nan ya hau jirgin ruwa ya ratso teku, ya sauka a bakin ruwa, ya hau tirela ya yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Kano. Na ɗauka a nan ne babban laifin yake. Ashe jirgin ruwa, in aka raba man da yake sha a kan dubban tan ɗin da yake ɗauka, abin da ya faɗa kan jaka ɗaya kaɗan ne. Nauyin yana can baya, a gona da masaƙa. Auduga shuka ce mai ƙishirwa kuma ƙwari na sonta. In aka haɗa ruwan sama da na ban-ruwa, kilo ɗaya na yadin auduga yana cin ruwa kimanin lita 10,000 a matsakaicin lissafin duniya. Auta ya nuna mini hotunan Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya. Tun daga shekarun 1960 aka karkatar da manyan kogunan nan biyu da ke ciyar da shi zuwa gonakin auduga. Yanzu jiragen masunta suna zaune a kan rairayi, tsatsa na cin su, raƙuma na hutawa a inuwarsu. Bayan gona kuma ga gurza, ga kaɗi, ga saƙa, duk da wutar lantarki, kuma yawancin wutar Sin daga ƙona kwal ake samunta.

A nan na tsaya na yi tunanin kakanmu. Shi manomin auduga ne a ƙasar Funtuwa, kuma bai taɓa ba audugarsa ruwa da hannu ba, damina ce ke shayar da ita. A tsince ta da kaka, a kai kasuwar auduga a auna, a gurje ta a nan kusa, angurya ta tafi wajen masu matse mai, tunkuzar ta zama abincin shanu, audugar ta gangara Kaduna. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna a 1957, wasu suka biyo bayanta, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano ma da nata masaƙun. KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Da a wancan zamanin nake ɗinki, da yadin jakata bai yi tafiyar da ta wuce tsakanin Funtuwa, Kaduna da Kano ba, kuma ruwan da ya sha na sama ne. Muna yawan kukan mutuwar masaƙun nan ta fuskar aikin yi, amma ko ta fuskar ruwa da hayaƙi an yi asara.

Kason da ke hannuna shi ne ɗinkin, shi kuwa zan iya aunawa da kaina. Ranar da babu wuta, injina yana shan fetur lita 4 daga safe zuwa la'asar, muna gama jaka 40. Lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana sakin iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, kimanin kilo 2.3. Ke nan kilo 9.2 a raba 40, kowace jaka giram 230. Na ɗauki baƙar leda guda 100, irin ta masu kayan miya, na kai wa maƙwabcina mai sayar da fulawa ya ɗora a sikelinsa: giram 500, wato kowace giram 5. Yin kilo ɗaya na robar da ake leda da ita yana sakin kabon kusan kilo 2, in aka ƙara wutar masana'anta da man mota, ledar nan ɗaya ba ta wuce giram 15 ba. Sai ga shi fetur ɗina kaɗai, ban sa gona ba, ban sa masaƙa ba, ban sa fentin rubutu da kananzir ɗin da mai bugu ke wanke allonsa da shi ba, ya kai hayaƙin leda 15 a kan kowace jaka. Na sake lissafin sau biyu a bayan littafin awo. Haka yake.

Dole in yi wa leda adalci a nan, ko da ba na ƙaunarta. Farkonta mara nauyi ne. Daga man fetur da iskar gas ake samun ƙwayoyin robar, akwai masana'antar da ke yin su a Eleme kusa da Fatakwal, masana'antun Kano kuma su narka su, su hura su kamar balan-balan, su yanka. Giram 5 na abu ya ɗauki kilo 3 na kaya, babu yadin da zai yi wannan. Hukumar muhalli ta Denmak ta yi nata lissafin a 2018, ita ma ga abin da ta samu: jakar auduga sau 52 a ma'aunin ɗumamar yanayi, in kuma aka bi duk ma'aunan da suka duba aka ɗauki mafi tsanani, sau 7,100. Audugar da aka noma ba takin zamani ba maganin ƙwari ta fi haka ma, 149 da 20,000, saboda gonarta ba ta ba da yawa. Manyan lambobin nan daga ma'auni ɗaya suka fito, na lalacewar shimfiɗar ozon da ke sararin sama, don haka ba na barin su su razana ni. Wanda ya sosa mini rai shi ne na saƙaƙƙiyar jakar roba irin bakkon da ake sayarwa a bakin kowace kasuwa: sau 5 a ma'aunin ɗumamar yanayi, 45 a duka. Bakkon da nake rainawa ya fi jakata saurin biyan bashi.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce mu ci gaba da ledarmu. Amma na tambayi Auta, su a lissafinsu ina ledar take ƙarewa? Ya ce a Denmak motar shara ce ke ɗauka, a kai ta babbar tanderu a ƙone, zafin ya ba da wutar lantarki da ruwan ɗumama gidaje, har a rage wa ledar laifi saboda wutar da ta bayar. Ledar da aka yar a titi kuwa, rahoton da bakinsa ya faɗa cewa bai sa ta a lissafi ba. Na Ingila ma bai auna ta ba. Ban ga laifinsu ba, garinsu suka auna, kuma sun faɗi inda suka ja iyaka. Sai dai abin da suka bari a waje shi ne ƙofar gidanmu.

Inna tana da wata jar akuya, irin ta Sakkwato, da ta saya da kuɗin adashi. Akuya ita ce bankin tsohuwa: in ciwo ya zo a sayar da ɗa, in jika zai shiga makaranta a sayar da ɗa. Wannan ba ta taɓa haihuwar ƙasa da biyu ba. Da rani ake sakinta ta yi kiwo a bayan gida wajen bola, kamar akuyar kowa. Sai ta fara ramewa alhali cikinta na ƙara girma. Muka ce ciki ne, kuma da cikin. Amma ta daina tuƙa, in an zuba mata dusa ta sansana ta kau da kai, ƙashin bayanta ya fito, in ka taɓa gefen cikinta na hagu ka ji shi da tauri kamar an cusa tsumma. An ba ta kanwa, an ba ta magani, shiru. Ranar da ta kasa tashi aka kira mahauci. Ina tsaye ya farke tumbin. Abin da ya zaro dunƙule ne guda, baƙar leda da fara da ta ruwa, sun murɗe da igiyar buhu, ya fi kan yaro girma. 'Ya'ya biyu ne a cikinta. Mahaucin bai ko yi mamaki ba, ya ce, "Inna, sai haƙuri, a abbatuwa kullum muna cire irin wannan, a cikin saniya ma ya ninka haka." Dabba ba leda take so ba, gishiri da man da suka maƙale a jiki take bi, ragowar alala ko awara ko miya. Tumbinta ba ya narkar da ita, ba ta kuma fita, sai ta cika wurin abinci, dabbar ta mutu da yunwa cikinta a cike. Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallon igiyar.

A wane layi na lissafin za a rubuta wannan? Giram 15 na kabon ba su faɗi komai a kai ba.

Haka kwata. Duk wanda ke zaune a cikin gari ya san abin da ruwan Agusta ke yi idan ya zo ya tarar da magudana a toshe. Ya koma cikin gidaje, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, ya kwanta ya zama gidan sauro. In samarin unguwa suka fito yashe kwata ranar Asabar, dubi abin da shebur ke fitarwa, rabi yashi rabi leda. Abin da ya tsira ya bi Jakara ya nufi dam ɗin Wasai, inda ake noman kayan lambun da za su dawo mana kasuwa a ƙulle cikin wata ledar. Haka gona. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke zuwa da jakuna da mangala su kwashi sharar birni su kai gona ta zama taki, kuma shi ya riƙe ƙasar nan ana noma ta shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Toka ce, da kashin dabbobi, da ganye, da ɓawo. Yau kawuna sai ya sa yara sun tsince ledar takin kafin a baza, duk da haka garma na tono ta kowace damina. Ga kuma wadda muke kunna gawayi da ita kowace safiya, mai girki da goyon da ke bayanta suna shaƙar baƙin hayaƙin.

'Yan jari-bola suna ƙoƙari, Allah ya saka musu. Gwangwani, ƙarfe, gorar ruwa, fasasshen bokiti, har ledar ruwa ana tarawa a sayar a kilo, a niƙa, a sake narkawa. Amma siririyar baƙar nan da ta sha miya ba mai sunkuyawa ya ɗauke ta, sai ka tara 200 kafin ka haɗa kilo ɗaya. Rashin nauyin da ya sa ta ci jarrabawar Ingila shi ne ya sa ba mai tsintarta a nan. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. Bangaladash ta haramta siririyar leda a 2002 bayan an gano ita ce ke toshe magudanai lokacin ambaliya, Ruwanda ta bi a 2008, Kenya a 2017. Nijar ma ta yi dokarta a 2014, ko da yake 'yan uwanmu na Maraɗi in sun zo suna cewa har yanzu ita ce ke rataye a jikin ƙaya.

To ina na tsaya? Ban daina ɗinkin jaka ba, kuma ban koma son leda ba. Abin da na daina shi ne yarda cewa sunan abu ya isa shaida. Ko kalmar "yadi" ma yanzu ba abin dogara ba ce. Duk tela ya san gwajin ashana: ka zare zare ka kunna masa wuta, in auduga ce sai ta ci ta bar toka mai laushi tana warin ƙonanniyar takarda, in roba ce sai ta narke ta dunƙule ta yi ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Na gwada yadikan da ke shagona ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi dunƙulewa suka yi. Jakar da aka ɗinka da irinsu ba za ta ruɓe a bola ba, 'yar uwar leda ce da aka saƙa.

Kowane mako shagona na tara buhun ƙyallaye. Da can masu cusa matashi su ɗauki kaɗan, sauran a kai bola ko a cinna musu wuta. Yanzu da su nake jaka. An riga an noma audugarsu, an saƙa, an rina, an kawo su Kano saboda rigar wata, ba saboda jakata ba, don haka bashin da ke kansu kaɗan ne. Haɗa su na cin lokaci, abin da ake yi a minti 15 da sabon yadi sai ya ci awa guda, amma a keken ƙafa ake yi, ba fetur, kuma ya zama wurin koyon miƙaƙƙen ɗinki ga 'yan matan. Tsohon buhun shinkafa na wanke shi na yi shafi da shi, don ruwan tumatur kada ya ratsa. Hannun jaka kuwa, wanda shi ne ke fara mutuwa, yanzu zagaye shi nake yi ta ƙarƙashi in maimaita ɗinki sau uku. Duk wadda ta saya a wurina na ce mata in ya tsinke ta dawo da shi, gyara kyauta ne. Jakar da hannunta ya cire a zuwa na 30 ba ta biya komai ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne masu odar rabo, don a nan abincina yake. Wata Hajiya ta zo za ta aurar da 'yarta, tana son jaka 500 da hoton amarya da ango da kwanan wata. Na ce, "Hajiya, Allah ya sa alheri, ya kai mu lokacin. Amma in ba za ki ji haushi ba zan ba da shawara. Babu matar da za ta rataya hoton 'yar wani ta shiga kasuwar Rimi. Durowa za su shiga. A bar hoton, a yi su da girma yadda za su ɗauki kwano biyu na shinkafa, sunan amarya a sa shi ƙarami daga ciki." Ta yi shiru, sannan ta yi dariya ta ce ita kanta tana da cikin akwati guda na irinsu. Muka tsaya a 200. Wata kuwa da na gaya mata haka ta ce ba wa'azi ta zo ji ba, ta ɗauki aikinta ta kai wani wuri. Kuɗi ne masu kauri suka wuce ni, kuma na ji zafinsu har raina, don watan haya ne. Ƙungiyar nan mai koren rubutu da suka dawo bana, na roƙe su su tambayi mahalarta wa ke da jaka a gida kafin su ba ni lamba.

Ni ma na sa wa kaina ido. Ɗaya daga jakunkunan akokon nan ta rage a shago, na mai da ita ta cefanena, kuma duk ranar da ta je kasuwa sai na ja layi a bangon littafin awo. Makon farko na gano wani abu: jakar na zuwa kasuwa, amma leda 6 na dawowa a cikinta, don kowane mai kaya sai ya ƙulla nasa. Babbar ledar waje kaɗai na rage. Irin wannan zuwan ban ƙirga shi ba. Sai na koma tafiya da robar fenti mai murfi don tumatur da niƙa, da ƙaramar langa don nama, albasa da dankali kuwa a juye su kai tsaye. Da farko mai kayan miya sai ya ƙulla a leda sannan ya jefa cikin robar, don a ganinsa rowa ce ya ba ni kaya tsirara. Yanzu yana hango ni yake miƙo hannu ya karɓi robar. Wankin jakar ma yana cikin lissafi, ruwa ne da omo, shi ya sa nake jefa ta a ruwan ɗaurayar kayan yara maimakon in ɗebo mata nata. Layukan sun kai 88 jiya. Saura 43.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai wa Inna jakar ƙyallaye mafi kyau da muka haɗa, shuɗi da ruwan goro. Ta juya ta, ta yaba ɗinkin, ta sa mini albarka, sannan ta miƙo mini abata ta ce in ba wadda ba ta da shi. Ta shiga ɗaki ta fito da sanhonta na kaba, wanda ta saya a shekarar da aka yaye Auta. Da shi take aiken hatsi, da shi take zuwa unguwa, a ciki take kai wa sabuwar akuyarta harawa, wadda yanzu a ɗaure take kwana take wuni. Bakinsa ne ya fara zarewa ta gefe ɗaya. Ta ce in dai ina son in yi mata wani abu, in bi mata bakin da ƙyalle mai ƙarfi. Yana nan a shago a kan keken ƙafa, na ware masa ragowar wata shadda mai kauri, gobe da safe zan fara da shi kafin yaran su iso.